An shafa wa katangata jan fenti saboda na tare hanyar ruwa, ɗaure ni za a yi?

Wa alaikumus salam Malam, na ga tambayarka kuma na karanta ta har sau biyu. In na fahimce ka daidai, ka sayi fili awon igiya a wata sabuwar unguwa a bayan gari nan Kano, akwai ɗan kwari da ya ratsa ta gefen filin wanda ruwan sama ke bi, da ka tashi yin katanga sai ka ɗan ci taku huɗu ko biyar cikinsa ka cike da ƙasa da ɓaraguzai don ka samu wajen ajiye mota. Damina biyu shiru, bana ruwa ya juya ya afka gidaje uku na maƙwabtanka, satin da ya wuce kuma ka wayi gari ka tarar da jan fenti a jikin katangar da takarda an liƙa. Kana tambaya ko ɗauri ne, nawa ne tarar, kuma in an rushe za a biya ka.

Ni aikina kenan, lauya ne ni kuma mafi yawan shari'o'in da nake riƙewa na fili ne da gini, toh bari in faɗa maka tun daga farko, abin da ya hana ka barci wato gidan yari shi ne ya fi nisa da kai a cikin duk hukunce-hukuncen nan. Ba wai babu shi a doka ba ne, akwai, zan zo kansa. Amma wanda yake bakin ƙofarka yanzun nan guda biyu ne, rusau ba tare da an ba ka ko sisin kwabo ba, da kuma kuɗin ɓarnar da ruwa ya yi wa mutanen nan uku in suka ga dama suka kai ka ƙara. Mutanenmu kullum tara suke tambaya, nawa ce tarar, nawa ce tarar, alhali wallahi tarar da ke rubuce a wasu dokokin ba ta kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba a yau.

Bari mu fara da ƙasar kanta don a nan yawancin mutane ke yin kuskure. Tun 1978 da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, sashe na 1 ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne amana a madadin jama'a, kai da ni abin da muke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Kuma dokar nan ba irin wadda majalisa za ta shafe a rana ɗaya ba ce, an ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki. To takardar da dillali ya rubuta muku, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu suka dangwala, tana da amfaninta, tana nuna ka biya kuɗi kuma wane ne ya sayar maka, amma ba ta mayar da hanyar ruwa taka ba, don shi kansa wanda ya sayar maka ba tasa ba ce balle ya ba ka. Taku biyar ɗin nan da ka ci, a idon doka gini ka yi a kan ƙasar da ba ka da haƙƙi a kanta. Sashe na 43 na wannan dokar ya yi maganarsa ƙarara, ya hana mutum a cikin birni ya yi gini ko katanga ko shinge ko ya toshe wata ƙasa da ba shi da izinin zama a kanta, ya ce za a umarce shi ya cire abin da ya gina, kuma hukuncin ɗaurin shekara 1 ne ko tarar naira 5,000, in kuma ya ƙi cirewa bayan an ba shi umarni akwai naira 100 a kowace rana. Ka ji fa, naira ɗari. A 1978 dubu biyar kuɗi ne masu nauyi, mutum zai iya sayen mota da su, yau kuwa ko kuɗin lebura na yini guda da ƙyar. Shi ya sa babu hukumar da ke ɓata lokacinta a kan tarar, abin da suke kamawa shi ne ɗaya ɓangaren, wato a cire ginin.

Daga nan sai dokar tsara birane. Gwamnatin tarayya ta yi tata a 1992 lokacin soja, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta shigar cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, tarayya ta tsaya a Abuja. Saboda haka kar wani ya ɗauko maka abin da ake yi a Legas ko Abuja ya ce shi ne naka, kowace jiha da dokarta da hukumarta. Nan Kano hukumar tsara birane KNUPDA ce, Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar babban birnin. Sai dai duk tafiyarsu kusan ɗaya ce, kafin ka sa bulo ɗaya sai ka kai zanen gini an amince, ana duba tazarar da za ka bari tsakaninka da titi da magudanar ruwa da wayar wuta mai ƙarfi, in ka gina babu wannan amincewar ko ka gina saɓanin abin da aka amince, za su ba ka takardar dakatar da aiki, sai ta gargaɗi cewa ka gyara ko ka cire cikin kwana kaza, sai ta rusau. Jan fentin da ka gani alama ce cewa ka shiga layi. Kuma wani abin da mutane ba su sani ba, bayan katafila ta gama aikinta hukuma tana iya juyowa ta ce ka biya kuɗin aikin rushewar. Kai ne da asarar bulo, kai ne kuma da kuɗin man katafila.

Maganar diyya kuwa, a nan nake so ka natsu don mutane suna cakuɗa abu biyu da ba su da haɗi. Akwai lokacin da gwamnati ke karɓar fili halastacce don amfanin jama'a, misali za a faɗaɗa magudanar ruwa ko a yi kwalbati, gidanka yana da takardu, zanenka an amince, ba ka ci ko taku ɗaya ba, amma aikin dole sai ya bi ta ɗakinka. Wannan sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zaman, sashe na 29 kuma ya ce a biya ka kuɗin abin da ka gina bayan an cire tsufan da ginin ya yi, da kuɗin amfanin gona in akwai, kuma sashe na 44 na tsarin mulki yana bayanka. Wannan daban. Naka kuwa ba karɓa aka yi ba, laifi ake cirewa, kuma ba a biyan mutum ladan laifinsa. Har ma in kana da satifiket na gwamna, in ka karanta sharuɗɗan da ke jikinsa (yawancin mutane ba sa karantawa, suna kai shi ƙasan akwati ne kawai) za ka ga an ce ba za ka yi gini ba sai da amincewar hukuma, kuma saɓa sharaɗin nan kaɗai dalili ne da gwamna zai iya soke takardar gaba ɗaya. Kaga garin neman gareji mutum yana iya jawo wa gidan duka matsala. In ka ji an ce gwamnati ta ba wasu da aka rushe wa gini a hanyar ruwa wani abu, toh wannan tausayi ne ko siyasa, ba haƙƙi ba ne da za ka je kotu ka nema.

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zuwa ofishina, dattijo ne ɗan fansho, ya zo da takardunsa a cikin leda baƙa an naɗe da kyauro. Shi ba kwari ya ci ba ma, lambatu ce ta gwamnati a ƙofar gidansa ya zuba mata kankare ya rufe ta ya gina shaguna biyu a kai don ya riƙa samun na cefane, bai bar ko ƙofa ɗaya da za a buɗe a yashe ba. Shekara da shekaru leda da robar ruwa da yashi suna taruwa a ƙarƙashi har ta cushe ƙam, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na dare sai ruwan ya rasa hanya ya koma baya ya shiga ta rariyar gidajen layin, wata mata da ke sayar da gari da shinkafa a gida ta tashi ta tarar da buhunanta suna iyo. Da aka liƙa masa takarda sai wani ya ba shi shawara wai ya sayo farin fenti ya shafe jan, ai in ba su gani ba sun manta. Ya shafe. Suka dawo suka ga an shafe, kuma ba komai ya fi ɓata wa ma'aikaci rai irin wannan ba, maimakon kwanakin da suka ba shi ya kwashe ƙofofinsa da kwanon rufi da kansa, sai gani ya yi an zo da asuba. Lokacin da ya iso wajena babu abin da ya rage da zan iya karewa, sai dai muka zauna da matar nan da mai unguwa aka yi sulhu ya riƙa biyanta kaɗan-kaɗan daga fanshonsa. Har yau in na tuna yadda ya riƙa jujjuya takardar cinikin gidan yana cewa ai ga hannun mai unguwa, ai ga hannun mai unguwa, sai in ji ba daɗi.

To yanzu dokokin da suka ambaci ambaliya da sunanta. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a ƙarƙashin dokarta an fitar da ƙa'idoji da dama, akwai na 2009 kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna, akwai na 2009 kan tsafta da shara, sannan akwai na 2011 wanda kai tsaye kan zaizayar ƙasa ne da hana ambaliya. Abin da suke nufi a dunƙule shi ne kar a yi gini ko wani aiki da zai toshe ko ya karkatar da hanyar ruwa, kar a zuba shara a magudana, kar a ci gaɓar kogi. Tsarin hukuncinsu kuma iri ɗaya ne, tara ko ɗauri ko duka biyun, kamfani tararsa ta ninka ta mutum ɗaya nesa ba kusa ba, sannan ga abin da ya fi ciwo, ƙarin tara a kan kowace rana da laifin ya ci gaba. Wannan ta kullum ɗin ita ce mai cizo, don katanga ba kamar mari ba ce da za a yi a gama, kowace safiya da ta wayi gari a tsaye a hanyar ruwa sabon lissafi ne. Amma gaskiyar magana NESREA ba ta cika bin katangar mutum ɗaya a lungu ba, ta fi sa ido a kan masana'antu da masu fasa dutse da manyan masu gina rukunin gidaje. Su waɗannan ɗin akwai wata dokar ma a kansu ta 1992 wadda ta wajabta a yi binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, wanda ya ƙi yi in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara 5, in kamfani ne daga naira 50,000 zuwa miliyan 1. Ka duba fa, kamfanin da zai gina gidaje ɗari a cikin fadama ya sayar da kowanne miliyoyi, a ce iyakar tararsa miliyan ɗaya, ai wannan ko kuɗin shayin ma'aikatansa bai kai ba. Ni a ganina wannan na cikin dalilan da suka sa manya ba sa jin tsoro.

Wanda kuma filinsa ke bakin babban kogi irin Kwara ko Binuwai, akwai ƙarin wata hukumar a kansa, NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, dokarta ta 1997 ta sa mita 100 daga gaɓar irin waɗannan koguna a ƙarƙashin ikonta, ba ka gini a wurin sai da izininta. Wannan bai shafe ka ba, na faɗa ne saboda masu karatu daga wajen Lakwaja da Yawuri da Jimeta.

Ɗauri fa, ta ina yake zuwa? Yawanci ta Final Kod yake zuwa, wato dokar laifuffuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960 wadda jihohi suka yi ta yi wa gyara, Kaduna ma ta sake tata a 2017. A ciki akwai laifin damun jama'a, wato ka yi abin da zai cutar ko ya jefa mutanen unguwa cikin haɗari, akwai laifin ɓarna, wato ka yi abu kana sane zai iya lalata dukiyar wani, akwai ƙin bin umarnin hukuma, akwai hana ma'aikaci yin aikinsa. A abin da na gani da idona, waɗanda suka kwana a bayan kanta kan irin wannan magana ba katangar ce ta kai su ba, abin da suka yi bayan an liƙa takarda ne ya kai su. Wani ya tara yaran unguwa su jefi katafila, wani ya ci kwalar ma'aikaci, wani ya sa birkila ya ci gaba da aiki cikin dare da fitila bayan an ce a tsaya. Sai ƙaramar magana ta koma babba, a kai mutum gaban majistare, kafin a yi maganar beli ya yi sati. Sai kuma wanda ba ma fata, in ruwan da ka karkatar ya rusa ɗakin ƙasa a kan yaro ya mutu, toh nan an bar maganar tsara birni an shiga maganar sanadin rai ta hanyar ganganci, kuma takardar gargaɗin da aka taɓa ba ka ita ce shaida ta farko da mai gabatar da ƙara zai ɗaga ya ce ga shi an faɗa masa ya ƙi ji. Allah Ya kiyaye.

Masu zuba shara a kwata kuwa nasu mai sauƙi ne a takarda, kotun tafi-da-gidanka ce ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, a ci ka tara nan take ko a rufe shago. A da duba-gari ne ke shiga gida-gida har randa suna leƙawa, iyayenmu suna jin an ce ga duba-gari kowa zai ɗau tsintsiya. Yanzu kuwa hadari na haɗowa za ka ga an turo yara da bokitin shara su juye a lambatu wai ruwa ya tafi da ita, ina zai kai ta in ba ƙofar gidan na ƙasa da kai ba?

Mu dawo kan maƙwabtanka uku, don ni a wajena su ne babbar maganar, kai kuma ko a tambayarka a layi ɗaya ka ambace su ka wuce. Ko hukuma ta yafe maka, ko ta manta da fayil ɗinka, su suna da haƙƙin kansu na su kai ka ƙarar neman diyya, kuma wannan ba shi da iyakar naira 5,000, abin da suka yi asara shi za a lissafa, katifa, kayan abinci, katangar da ta zube, firji, kuɗin hayar inda suka koma kafin gida ya bushe. A babbar kotu za su zo ta hanyar cutar da maƙwabci ko sakaci, akwai ma wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga Ingila, shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda wani ya tara ruwa a madatsa a filinsa ruwan ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa, kotu ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa in ya kuɓuce ya yi ɓarna shi zai biya ko da bai yi niyya ba, kuma kotunan Najeriya suna aiki da ita har gobe. Ban da kuɗi, alƙali yana iya ba da umarnin ka rushe katangar da hannunka. In kuma kotun shari'ar Musulunci suka nufa, can ma ba sauƙi za ka samu ba, don ƙa'idar da alƙali zai fara ɗaukowa ita ce hadisin nan na babu cuta babu cutarwa, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wanda ya juya indararonsa ko ruwan gidansa ya zuba wa maƙwabci, hukuncin dai a gusar da cutar. Abin da za ka iya karewa da shi shi ne ka nuna ba katangarka ce sanadi ba, misali ruwan bana ya wuce misali ko ba katanga sai ya shiga, ko akwai wasu a sama da kai da suka toshe tun da farko. Wannan aikin injiniya ne ba na baki ba. Amma ka ce shekaru kafin katangar ruwa bai taɓa shiga gidajen ba, toh ka ga wannan shaidar ba ta yi maka daɗi ba.

Na san abin da ke ranka don kowa shi yake faɗa min, ai ba ni kaɗai ba ne, ga wane ya cike kududdufi guda ya yi plaza ba a taɓa shi ba. Gaskiya ne, kuma ni ma abin yana ci min rai. Kano gari ne da kududdufai suka riƙe shi, ramukan da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara, an bi su ɗaya bayan ɗaya an cike an yanka an sayar, kuma ba talaka ne ya sa hannu a takardun ba. A daminar 2022 kowa ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, 'yan kasuwa da bakinsu suka ce gine-ginen da aka ɗora a kan magudanun ruwa ne. A Abuja rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ruwa ya sha cinye shi, a watan Yunin 2023 har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, mutanen da suka sayi gidajen da guminsu su ne a tsakiya. Ni ra'ayina duk ma'aikacin da ya sa hannu aka yi gini a hanyar ruwa ya kamata ya tsaya gaban alƙali tare da mai ginin, kuma tsarin mulki ma ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanu da kula da su da kwashe shara, in da suna yi da rabin rigimar nan ba ta taso ba. Amma duk wannan ba kariya ba ce a kotu. Ba a taɓa sallamar mutum don ya ce wane ma ya yi ba. Kuma tun bayan ambaliyar 2012 da ta 2022 wadda ta kashe sama da mutum 600, da fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, da ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa a Mayun 2025, gwamnoni sun gane rusau a hanyar ruwa abu ne da jama'a ke tafa musu a kai, toh wa kake ganin za a fara da shi, mai plaza ko mai katangar gareji?

Abin da zan ce ka yi, kuma ka fara gobe da safe ba jibi ba. Kar ka taɓa fentin nan, kar ka ƙara ko bulo ɗaya. Ɗauki hoton takardar da katangar da kwarin ta kowane ɓangare. Karanta takardar da kyau ka ga wace hukuma ce, kwana nawa aka ba ka, kuma me aka ce ka yi, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishinsu ka tabbatar daga can ta fito, don akwai 'yan damfara da ke yawo da gwangwanin jan fenti suna shafawa su dawo da yamma su ce a kawo wani abu a kashe magana. Ko na gaskiyar ne ya ce ka kawo a kashe, kar ka bayar, kuɗinka ne zai tafi fayil kuma yana nan, ga laifin cin hanci ka ƙara wa kanka. Duk abin da za ka biya ya zama da rasit na gwamnati. Ka rubuta musu amsa a takarda, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka ce ka ga gargaɗi kuma a shirye kake ka janye katangar zuwa kan iyakarka da kanka, ka nemi su turo safiyo ya nuna maka daidai inda za ka tsaya. Wannan ita ce hanya mafi arha, don in kai ka rushe za ka tsira da ƙofar ƙarfenka da rodi da rabin bulonka, kuma katangar kaɗai za ta tafi, katafila kuwa in ta zo ba ta san iyakar taku biyar ba, tana iya haɗawa da ɗakin da ke jingine. Ƙasar da ka cike kwarin da ita ma sai ka kwashe, in ka bar ta ba ka yi komai ba.

In kuma ka auna ka ga kai kana cikin iyakarka, ko kana da zanen da aka amince da shi wanda ya nuna katangar a inda take, toh nan magana ta canja, maza ka ga lauya ya nemi umarnin babbar kotu na dakatar da rusau kafin a saurari ƙara, don doka ta wajabta a ba mutum sanarwa da damar ya faɗi nasa, kuma kotuna sun sha cin hukumomi tara kan rusau na gaggawa ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai a kula da lokaci, akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ke ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara a kan abin da suka yi a bakin aiki, duk da akwai wuraren da ba ta aiki, sannan hukumomi da yawa sai an ba su sanarwar niyyar ƙara tukuna. Amma bisa abin da ka rubuto da hannunka cewa ka ci taku huɗu ko biyar, ni ba zan karɓi kuɗinka in ce mu je kotu ba.

Su kuma maƙwabta kar ka jira sammaci. Nemi mai unguwa da limamin masallacinku, ku je gida-gida ka yi musu jaje, ka ga ɓarnar da idonka, a yi lissafi a gaban shaidu, abin da za ka iya biya yanzu ka biya, saura a sa lokaci, a rubuta kowa ya sa hannu har da layin da ke cewa an yi sulhu magana ta ƙare, kowa ya riƙe kwafi. Ka fara da gidan da ruwa ya fi yi wa ɓarna, kuma ranar da za ka je ka tabbata lebura sun riga sun fara sauke katangar yadda za su jiyo ƙarar guduma daga tsakar gidansu.